Gullible, naive, sucker da 'yan uwansu: tambayoyi da amsoshi kan sunayen da Turanci ke ba wanda ake saurin yi wa wayo

Na daɗe ina koyar da Turanci bayan sallar isha'i a Jidda, a wani ɗaki da ke bayan shagon wani ɗan uwanmu a Karantina. Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai direbobi, akwai masu aikin otal da ke zuwa daga Makka ranar hutunsu, akwai mata biyu-uku masu aiki a asibiti, wani lokaci har da ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina idan sun sami hutu. Larabci ya zauna a bakin yawancinsu, Hausa kuwa ta gado ce. Turanci ne ake fama da shi, domin sau da yawa shugaban aiki ɗan Indiya ne ko ɗan Filifin, da Turanci yake faɗa, da shi yake yabo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawo mini a kan wannan rukunin kalmomi, na kawo su yadda aka yi mini su.

Malam, duk ba “wawa” suke nufi ba?

A'a, kuma wannan fassarar ta kusa raba wani yaro da aikinsa. Ɗaukar kaya yake yi a wani otal kusa da Harami. Wani baƙo ya ce masa ya bar jakar kuɗinsa a mota, ya ranta masa riyal 200 zuwa la'asar. Ya ba shi. La'asar ta yi, magariba ta yi, mutum ko ƙeyarsa. Da ya ba shugabansa labari, sai shugaban ya dafa masa kafaɗa ya ce, “You are too naive, my friend.” Yaro bai gane ba, ya tambayi abokin aikinsa, shi kuwa ya ce masa, “Cewa ya yi kai wawa ne.” Ya shigo aji ido jajir, wai gobe sai ya nuna wa mutumin shi ba a zaginsa a kwana lafiya. Da ƙyar na zaunar da shi. Abin da aka gaya masa ya fi kusa da “har yanzu ba ka san halin mutane ba”, kuma cikin tausayi aka faɗa.

Mu ma ai ba kalma ɗaya gare mu ba. Bagidaje daban, gaɓo daban, sakarai daban, dolo daban. Ka ce wa taubashinka bagidaje, dariya za a yi. Ka ce masa dolo a gaban iyalinsa, ka ga yadda fuska za ta canza. To haka Turanci yake, kowace kalma akwai wurin da take nuna wa yatsa. Wata tana cewa mutum bai goge ba, wata tana cewa yana da saurin gaskatawa, wata kwaɗayinsa take gani, wata kuma ba ruwanta da halinsa, abin da ya same shi kawai take faɗa. Masu taɓa hankalin mutum kai tsaye, irin wawa da sakarai, su ne *fool*, *idiot* da *simpleton*, kuma gidansu daban ne.

To mene ne bambancin *naive* da *gullible*?

Nan ne aka fi rikicewa, don haka bari in ɗan jima.

*Naive* daga Faransanci Turanci ya aro ta a ƙarni na 17. Tushenta kalmar Latin ce, *nativus*, abin da yake nan yadda aka haife shi, kuma tushe ɗaya suke da *native*. Ke nan ɗanye take nufi, wanda duniya ba ta gasa ba tukuna. *Gullible* ta fi ta ƙuruciya, a farkon ƙarni na 19 ta bayyana, daga wata tsohuwar kalma *gull*, wato a yaudari mutum. Kun ga tun daga asali ɗaya tana maganar rashin gogewa, ɗayar tana maganar yaudara.

Ga hanyar da nake bi in raba su a aji. Kafin a ce mutum *gullible* ne sai an sami macuci a labarin. *Naive* kuwa ba ta bukatar kowa. Alhajin da ya sauka karo na farko yana zaton duk wanda ke zaune a Makka waliyyi ne, har ya ajiye jakarsa a ƙofar shago ya tafi alwala, wannan *naive* ne ko da ya dawo ya tarar da ita. Amma wanda aka turo wa saƙo a waya cewa an rufe katinsa na banki, ya kira lambar da aka ba shi, ya karanta musu lambobin sirrin da suka shigo wayarsa ɗaya bayan ɗaya, bayan bara ma an yi masa irin haka da labarin ya ci kyauta, wannan shi ne *gullible*.

Na biyu, *naive* warkewa take yi. Shekara biyu a kasuwar Bab Sharif ta isa ta wanke ta tas. *Gullible* hali ne, kan bi mutum har furfura, kuma ba ruwanta da yawan karatu. Na san mai digiri uku da duk wanda ya zo masa da daɗin baki sai ya tafi da wani abu.

Na uku, ana iya cewa shawara *naive* ce, ko tambaya, ko tsari. “A naive plan” shi ne tsarin da aka yi shi kamar ba za a gamu da cikas ko mugun mutum ba. *Gullible* kuwa mutane ake jingina wa.

Na ga *credulous* a jarida. Ita ma haka take?

Kusa, amma ba daidai ba. Daga Latin take, *credere*, gaskatawa, kuma 'yar uwar *credit* ce da *creed*. Mai wannan hali shi ne wanda kunnensa ba shi da ƙofa: duk abin da ya ji ya zauna. Kowane zauren WhatsApp na dangi yana da irinsa, wanda kafin asuba ya turo muryoyi biyar, wannan ta ce an gano maganin ciwon suga a ganyen kaza, waccan ta ce gobe za a yafe wa kowa kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Ba wanda ya karɓi ko riyal ɗaya a hannunsa, don haka ba a cuce shi ba. Gaskatawa kawai yake yi ba tare da neman hujja ba. *Credulous* tana tsayawa a abin da ke cikin kai, *gullible* takan kai har aljihu.

Kalmar littafi ce da jarida. Ka faɗe ta a wurin shan shayi, kallonka za a yi.

Sai a yi hattara da *credible*, wadda ke nufin abin da ya cancanci a gaskata. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta “a credulous witness” tana nufin amintaccen shaida, alhali abin da ta rubuta shi ne shaidan da ko an ce masa raƙumi ya yi ƙwai zai ce ya gani.

Yaya ake furta su?

*Naive* gaɓa biyu ce, “na-yiiv”, ba “neev” ba. Shi ya sa wasu ke ɗora ɗigo biyu a kan harafin i, *naïve*, don a san wasulan ba haɗe suke ba. Duka rubutun biyu daidai ne. *Gullible* “galibul”. *Credulous* kusan “kirejulas”. *Dupe* gaɓa ɗaya ce, “dyuup” a Ingila, “duup” a Amurka. Wanda ya zauna a Ikko kan karanta ta “Du-pe”, sunan mata na Yarabawa, kuma wannan ya sha ba mu dariya.

Wani ya kira ni *sucker*. Zagi ne?

In da gaske ya faɗa, zagi ne, kuma da raini a ciki. Kalmar titi ce ta Amurkawa, ba a rubuta ta a takardar ofis. A kunnena abin da ya raba ta da *gullible* shi ne ƙanshin kwaɗayi: an nuna wa mutum romo, ya biyo. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san irin wannan mutum, kura ce. Gizo bai taɓa cin ta da ƙarfi ba, nama yake ambata mata, sauran aikin ita take yi da kanta.

Ni ma na taɓa zama kurar, ba zan ɓoye ba. Shekarata ta biyu a nan wani mutum mai tsaf-tsaf, ga farar riga ga ƙanshin turare, ya ce yana da hanya, zai mayar da iƙamata hannun wani kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai sauƙin hali, cikin mako biyu, a kan rabin abin da kowa ke biya. Ko a lokacin zuciyata ta ce mini arahar ta yi yawa. Na danne ta. Na ƙirga masa kuɗi a cikin motarsa, har yana ce mini in sake ƙirgawa don amana. Kwana uku yana ɗaukar waya, a na huɗu ta mutu, ba ta sake farfaɗowa ba. Ba za a ce ni *naive* ba ne a lokacin, don na san ana yin haka, na ma taɓa yi wa wani faɗa a kai. Cinikin biri a sama na yi ido buɗe saboda na hango riba. Sunan wannan *sucker*.

Amurkawa suna da wata magana, “There's a sucker born every minute”, wai kowane minti sai an haifi na cuta. An saba jingina ta ga P. T. Barnum, shahararren mai shirya wasannin kallo da ya rasu a 1891, amma ba a sami shaidar cewa shi ya faɗe ta ba.

Sai dai akwai wurin da dafinta ke fita. In mutum ya ce “I'm a sucker for kilishi”, cewa yake in dai an zo ga kilishi ba shi da ta cewa. Wannan ba zagi ba ne, kuma yawanci mutum da kansa yake faɗa.

Ita kuma *dupe* fa? Na gan ta a tallar turare.

Kalmomi biyu ne suka yi karo a rubutu ɗaya. Ta tallar turare gajarta *duplicate* ce, wato kwaikwayo: turaren da aka haɗa don ya yi ƙanshin wani mai tsada, a sayar da shi da araha. Masu saro kaya a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, suna kai wa gida sun san su sarai, ko da ba su san sunan ba.

Ta asalin ita ce wanda aka yaudara, musamman wanda aka yi amfani da shi bai sani ba. Tana zuwa a suna, tana zuwa a aikatau: “he was duped”, an yaudare shi. Ba ta cewa halinsa ke nan, abin da ya faru take ba da labari. Mutum mai wayo ƙwarai ana iya yi masa sau ɗaya.

Asalinta ne ke ba ni mamaki kullum. Daga Faransanci ta zo a ƙarni na 17, kuma manyan ƙamusoshi suna mayar da ita ga sunan wani tsuntsu, *huppe*, wanda Faransawan wancan zamani suke gani kamar sakarai saboda kamanninsa. Wane tsuntsu ne? Alhudahuda. Wanda mu muke kira malamin tsuntsaye, wanda a Suratun Namli ya zo wa Annabi Sulaiman da labarin Saba'u da sarauniyarsu, ya ce ya san abin da shi bai sani ba. Ranar da na faɗi haka a aji, wani dattijo da ke zama a baya ya cire tabarau ya ce, “Malam, su dai ba su san shi ba ne.”

Me su 'yan damfarar suke kiran wanda za su cuta?

A Turancin Amurka *mark*, wato wanda aka sa wa alama, abin hari. “An easy mark” shi ne wanda ba zai ba da wahala ba. Kalma ce daga bakin macuci, don haka ba ta damu da ko kai malami ne ko jahili ba, abin da ke aljihunka take kallo.

A Turancin buroka na Nijeriya kuwa *maga* ake cewa, ko *mugu*. Nan Bahaushe kan yi tuntuɓe, domin a wurinmu mugu shi ne azzalumi, a can kuwa shi ne wanda aka zalunta. Ɗan Kano ya ji an ce “mugu ya biya”, sai ya ɗauka Allah ne ya kama wani. Lambar 419 da ake kiran sana'ar da ita sashe ne na dokar laifuffuka ta Nijeriya da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. In kana magana da Bature ko ɗan Indiya kada ka yi amfani da waɗannan biyun, ba lalle ya gane ba.

Mene ne *patsy* da *fall guy*?

Waɗannan sun wuce asarar kuɗi. Shi ne wanda aka shirya tun farko don laifi ya faɗa kansa, manya su sulale. A Dallas, a watan Nuwamban 1963, bayan an kama Lee Harvey Oswald kan kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, abin da ya ce wa 'yan jarida ke nan, shi *patsy* ne kawai.

Ba sai an je Amurka ba. Wani ya same ka ya ce asusunsa na banki ya sami matsala, za a turo kuɗi ta naka, ka cire ka ba shi, ka riƙe ɗan wani abu na shan ruwa. Ko ya ce ka yi masa rajistar layin waya da iƙamarka. Ko a filin jirgi a miƙo maka ƙullin “maganin gargajiya” ka kai wa wata inna a Shara Mansur da ke Makka. Ranar da magana ta tashi, sunanka ne a takarda, shi kuwa ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Kura ta ci, an bar kare da jini a baki. A wannan ƙasa irin wannan ganganci ba ƙaramin abu yake jawowa ba, shi ya sa duk shekara sai na koyar da kalmomin nan biyu ko ba a tambaya ba.

Yayana ba ya iya cewa a'a. Shi ma *gullible* ne?

A'a, *pushover* ne, wanda ko ɗan turi aka yi masa sai ya tafi. Ya san ƙarya ake yi masa, ya san bashin ba zai dawo ba, kunya ce ta hana shi ƙi. Ba a rufe masa ido ba, an fi ƙarfin bakinsa ne. Mu da kara ta yi wa yawa, rabinmu a nan muke.

Wani likita ɗan Ingila ya ce “I felt like a mug”. Kofi yake nufi?

Kofin shayi ma *mug* ne, amma a bakin mutanen Ingila tana nufin wanda aka mayar sakarai. Kusan ita ce *sucker* ɗinsu. In suka ce abu “a mug's game” ne, suna nufin harkar da duk wanda ya shiga asara zai yi, kamar caca. In kuma ta zo a aikatau, “he was mugged”, to tare shi aka yi a hanya aka yi masa ƙwace, babu maganar wayo a ciki.

Sabon zuwa fa, wanda bai san gari ba?

*Green*, wato ɗanye, ko *greenhorn*, wadda ta ɗan tsufa. 'Yan Nijeriya kan ce JJC, wato Johnny Just Come. Larabawan nan kuma su ce *gashim*. Ba laifi ba ne, baƙo ko da idonsa makaho ne.

Mu da muka fi jin Larabci, da wace kalma za mu auna kowace?

Awon ba zai zo daidai wa daida ba, amma yana taimakawa. *Sazij* ita ta fi kusa da *naive*. *Mugaffal* tana tsakanin *gullible* da *sucker*, kuma ta fi *gullible* zafi. Ita ce a cikin maganar nan da kowa ke ji a bakin Larabawa, wai doka ba ta kare mugaffalai. Wanda suka ce yana *ala niyyatihi*, mai zuciya ɗaya, ya fi kusa da *trusting* ko *innocent*. 'Yan uwanmu da suka taso a Sudan kan ce *miskin*, ba don talauci ba, don rashin wayo da rashin faɗa, kuma sau da yawa yabo ne da ɗan tausayi a ciki.

An damfari Hajiyarmu da sunan kujerar Hajji. Zan rubuta bayani da Turanci, ba na son in ci mata fuska. Wace kalma zan sa?

Allah ya mayar mata da alheri. Ka bar duk waɗanda muka lissafa, ka ɗauki waɗanda ke ɗora laifi a kan mai laifi. Ka ce “she was deceived” ko “she was defrauded”, an yaudare ta, an damfare ta. In sai ka siffanta ta, ka ce *unsuspecting*, wadda ba ta kawo komai a ranta ba, ko *trusting*, mai kyautata zato. A takardar hukuma *victim* ake sa wa, wadda abin ya faɗa wa. Kada ka rubuta *gullible*, domin mai karantawa zai ji kamar kai ma kana cewa ita ta jawo. *Naive* ma ba ta dace da mai shekarunta ba, kamar ka ce wa uwa yarinya ne.

Ni a ganina Turanci ya fi mu tsananta wa mai saurin yarda. Ƙirga kalmomin da ke sama ka gani, masu raini sun fi masu uzuri yawa. Mu kuwa mun taso muna jin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa mumini *girrun karim* ne, mai sauƙin ruɗuwa saboda karamcinsa, fajiri kuwa mayaudari ne mara mutunci. Muna kuma jin wanda ke cikin Buhari da Muslim, cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun Hajiya take, kuma saran farko ne. In za ta sake nema, a bi ta hukumar alhazai ta gida ko manhajar Nusuk ta gwamnatin Saudiyya, kada a sake miƙa wa mai “hanya” ko sisi.

Gaskiya ne an cire *gullible* daga ƙamus?

Wanda ya gaya maka haka yana nan yana jiran ka ɗauko ƙamus ka duba, ya fashe da dariya. Tsohuwar zolaya ce ta 'yan makaranta a Ingila da Amurka: ka duba, ka tabbatar da kalmar a kanka.

Na taɓa gwada ta a aji, fuska a murtuke. Mutum goma sha ɗaya ne a ɗakin, tara suka zaro waya. Na goma wayarsa ba caji, ya leƙa ta maƙwabcinsa. Dattijon nan na baya ne kaɗai bai motsa ba. Na ce, “Baba, kai ka gano ni ke nan?” Ya ce, “A'a Malam, ni na yarda da kai ne. Tunda ka ce an cire, an cire.”